Sisin Azumi

Duk ƙasar nan babu matalauci kamar mai albashin fam saba'in a wata. Malam Maude, jami'in gona, shi ya faɗa da bakinsa a kasuwar Bwari, jingine da motarsa yana taya tulu.

"Sule guda? Haba baiwar Allah! Likitan garin nan ya sayi firji, ni ruwan randa nake sha. 'Ya'yana uku a kwaleji, mota sai shan mai. Wallahi kin fi ni kwanciyar hankali."

Azumi mai tukwane ba ta taɓa jin babban mutum ya yi kuka haka ba. Ta kwance bakin zanenta. Sisi ne kaɗai a ciki, kuɗin motar komawa Ushafa, ga ƙafarta a kumbure.

"Ɗauki tulun kawai, Malam. Ga wannan ka ƙara."

Malam Maude ya dubi sisin, ya dubi ƙafar, idonsa ya ciko.

"Yau dai na samu wadda ta gane," ya ce, ya jefa sisin a aljihu.

Azumi ta ɗora sauran tukwanen a kafaɗa, ta kama hanya tana ɗingishi. Da motarsa ta taho, ta matsa gefe.