Farin Allon Lantana

Tun da aka raba wa kowa tabarau mai karatu, mutanen Gusau suka huta da haɗa baƙi. Kallon allo kawai za ka yi, ma'anarsa ta faɗo maka a rai.

Da hantsi Barau mai fenti ya kafa wa Lantana mai waina sabon allon shagonta. Ta ɗaga kai, ma'ana ta sauko mata: Wainar Lantana. Sai tururin tanda ya rufe mata tabarau, ta cire za ta goge.

Allon fari ne fat, ko ɗigo babu.

"Barau, ina rubutun?"

"Haba Hajiya, wa ke duba rubutu yanzu? Ai tabarau ya san shagonki."

Ta bi layin kasuwar da kallo. Duk allunan farare ne.

"Ni dai uwata ta koya mini baƙi, kuma ban manta ba. Miƙo burushin nan."

Ta hau benci ta rangaɗa sunanta da jan fenti. Bai ko bushe ba wata mai goyo ta zo sayen waina. Ita ma tururi ya sa ta cire tabarau, ta ɗaga kai, ta rafka salati.

"Hajiya, wane ɗan banza ne ya ɓata miki allo?"