Hannun Hagun Di'o

Ina 'yar shekara bakwai sabon Di'o, mai kula da yankinmu a mulkin Turawa, ya zo rangadi Burkusuma, wani saurayin Bature da rana ta ƙone wa wuya. An ce zai rufe burtalin da shanunmu ke bi zuwa gulbi, wai taswirarsa ta nuna ya kutsa ƙasar Faransi.

Da la'asar mahaifina, Baffa, ya tarye shi a gindin tsamiya da ƙwaryar nono, ina biye da ludayi. Baturen ya miƙo hannun hagu. Baffa ya ƙi sakin ƙwaryar. Dattawa suka sunkuyar da kai.

"Ranka shi daɗe, nan da dama ake karɓa," in ji Baffa.

Baturen ya dubi hannunsa, ya yi dariya, ya miƙo dama. Da ya sha ya ce, "Saura me ban sani ba?"

"Burtali. Taho ka gani da idonka."

Ba a rufe burtalin ba. Daga baya muka ji mutumin ya zama Razdan, shugaban lardi, a Sakkwato.

Har yau in na tsaya gaban mai iko, hannun Baffa nake tunawa. Ko ɗigon nono bai zuba ba.