Mayafin Tahereh

Kwalin alewar na kan cinyar Hajiya Ezzat, ta kuma yi niyyar da shi za ta koma gida a rufe. A Shiraz ta ƙasar Iran ba a buɗe alewar neman aure sai an daidaita, ita kuwa ba daidaitawa ta kawo ta ba.

Jikanta Kiyarash ne ya nace sai Nilufar, 'yar ajinsu a jami'a. Hajiya ta sa an bincika mata, aka kawo labari mai daɗi: uwar yarinyar, Tahereh, ta taɓa ba da hayar mahaifarta tun suna garin Yazd. Ta ɗauki cikin wasu, ta haife, ta miƙa.

"Malamai sun halatta, Kaka," in ji Kiyarash a mota.

"Sun halatta cin tafarnuwa ma. Sai in zauna kusa da mai warinta?"

Hajiya ta tsani irin waɗannan mata, ta fi tsanar masu hayarsu, ragwayen da ke son ɗa ba naƙuda. Ga surukarta Farangis, uwar Kiyarash, nan a gefe, shekara tara tana neman haihuwa, da ta samu ciki sai da likita ya tsare ta a Yazd wata bakwai, ba shiga ba fita, ko Hajiya ba a bari ta je dubiya ba. Wannan ita ce uwa.

Gidan su Nilufar ɗaki biyu ne, dardumar ta sha jiki. Tahereh ta tare su ƙudundune cikin baƙin mayafi, ta cije bakinsa da haƙori, ido ɗaya kawai a waje. Hajiya ta taɓe baki. Yau kuma kunya ta zo.

Farangis ta tsaya cak a ƙofa, takalmi ɗaya a cire. Da ta zauna ma, ƙasa take kallo, shayin da Nilufar ta kawo ya huce a gabanta.

Tahereh ta daɗe tana duban Farangis, sannan ta juya ga saurayin.

"Yaro, a wane wata aka haife ka?"

"Ana saura kwana uku bikin sabuwar shekara na Noruz, Inna."

Haƙoran Tahereh suka saki mayafin. Ya zame har kafaɗa, furfurarta a fili gaban ƙato mai gemu, ba ta ko kai hannu ta ja shi ba. Kallonsa kawai take yi, idonta ya cika da ƙwalla.

Abin da Hajiya ke jira ke nan. Ta ajiye kofi da ƙarfi.

"Baiwar Allah, rufe kanki, akwai namiji a ɗakin. Ko da yake wadda ta buɗe wa baƙi cikinta, mene ne gashi? Jininmu ba ya haɗuwa da na gidan haya."

"Umma, don Allah mu tafi," in ji Farangis.

Tahereh ta tura kwalin alewar gaban tsohuwar, a rufe yadda ya zo.

"Ɗauki abinki, Hajiya, auren nan ba zai yiwu ba ko kin so," ta ce a hankali. "Shekara ashirin da biyu ban taɓa buɗe kaina gaban bare ba, yau ma ban buɗe ba. Ki tambayi surukarki a gidan hayar wa jikanki ya kwanta wata tara."