Dunƙulen Ƙarshen Matakala

Gizagon masassaƙi Shekara bai huta ba tun hantsi. Gara ta cinye itacen dafawa na matakalar benen Alhaji Isufu, shi kuwa ya fere sabo da itacen kirya. Saura gyaran bakinsa na sama.

Alhaji, dogon tsoho mai yana a ido, ya zo yana dogara sanda, ya shafa aikin.

"Sauke shi ƙasa kaɗan, masassaƙi. Kuma ka yi dunƙule a ƙarshe irin na tsohon. Da hannu ake gane hanya a gidan nan. In an taɓa dunƙulen sai a saki, a juya hagu, an hau rufi ke nan."

"An gama, Alhaji."

Shekara bai ɗago kai ba. Duk garin Matameye an san da me aka gina benen nan. Shekarun baya mahara suka faɗa wa ƙauyen su Shekara a gefen Dawce, shi yana daji saran itace, suka kora mutane, har da innarsa Maryama, 'yar guntuwar mace mai yawan dariya. Alhaji ne ya saye su, ya haɗa su da ayarin arewa. Tun ranar ƙiyayyar mutumin nan take cin Shekara, ga shi yau ta sami ƙofa.

Ya hau ya duba. A rufin an shanya kuɓewa, yankan karkace irin na garinsu, abin ya ƙara masa ɗaci. Ya sauko baya kaɗan, inda hagu babu komai sai iska da daɓen tsakar gida can ƙasa. Nan ya datse itacen.

Bai taɓa yin aiki mai kyan wannan ba. Ya fere dunƙulen, ya goge shi da ganyen ɓaure, ya shafe shi da man kaɗanya har yana ƙyalli. Ya kafa shi ƙasa-ƙasa yadda aka ce, ko da yake ya yi mamakin abin da dogo zai yi da shi a nan. Tsufa dai, in ji shi.

Washegari da hantsi ya dawo, wai ya manta gizagonsa. Yana zaure ya ji faɗuwar, tim, sai kururuwar mata. Zuciyarsa ta yi sanyi.

Sai ga Alhaji ya fito daga ɗakin ƙasa, yana lalube yana salati.

"Ni na ce a gyara mata! Rabona da hawa tun da gwiwa ta kama ni. Ita ta yi renon 'ya'yana, shi ya sa ban taɓa sayar da ita ba."

Shekara ya kutsa tsakar gida. Kusa da kwandon kuɓewar da ya kife, wata 'yar guntuwar makauniya ce kwance, tafin hannunta yana ƙyallin man kaɗanya, ya durƙusa ya juyo fuskarta, ya ce, "Inna."