Fulogi Na Biyar

"Wallahi yau sai ka fito min da shi!" Nu'uman ya shaƙo wuyan rigar maƙwabcinsa Zadok bakanike.

Shekara biyu suna haɗa tsohon babur ɗin nan a garejin gidansu Nu'uman da ke unguwar Dubeli. Sun sake tanki, sun zuba masa jan fenti. Amma duk ranar da za a tayar da shi, sai a tarar an cire fulogi. Yau karo na biyar ke nan.

"Ni kake kira ɓarawo?" in ji Zadok.

"To wa ke shiga nan in ba ni da kai ba?"

"Sake shi!"

Dada ce, mahaifiyar Nu'uman, tsaye a bakin ƙofa. Ta kifar da kwanon goronta a gabansu. Fulogi biyar suka zubo ƙasa.

"Dada, ke?"

"Ni ɗin! A kan babur ɗin nan yayanka Hamma Hayatu ya tafi Mubi ɗauko matarsa, ranar da 'yan bindiga suka shiga garin. Babur kaɗai aka dawo min da shi. Ka yi ta fentinka iya son ranka. Amma muddin ina numfashi, ba zai ƙara fita min da ɗa ba."