Akwatin Malam Jibrilla

"Zulai, ina irin geron da ke rumbu?" Mijina Malam Jibrilla ne ke tambaya, yana buɗe tukwanena ɗaya bayan ɗaya.

Fari ya cinye mana damina a Kurawa, shi kuwa kwamfuta yake haɗawa a ɗaka. Awakinmu sun riga sun koma allo, fanka da wayoyi. Ƙwaƙwalwar injin kaɗai ta rage, kuma irin shukarmu yake nufin sayarwa domin ta.

"Za ni kai shi kasuwa," in ji shi. "Duk abin da aka ajiye cikin wannan akwati ba ya ɓacewa. Shi zai ciyar da mu."

Na ce, "Allah ya ƙara ilimi, Malam."

Ya binciki gidan har akurkin kaji. Akwatin kwamfutar kawai ya ƙyale, domin ya ɗaure murfinsa tamau, ya hana kowa taɓawa.

Ranar da ruwan shuka ya sauka, na ari sukudirebansa. Yana kallo na kwance murfin, na jawo ƙunshin gero daga ƙarƙashin fanka.

"Ka yi gaskiya, Malam. Ko ƙwaya ba ta ɓace ba. Ɗauko sungumi."