Tabawa a Bakin Ƙofa

Tun da kamfani ya bar wa na'ura aikin ƙera jikin mawaƙa a bidiyo, Tabawa mawaƙiya ta koma fara siririya a bidiyo, ba wushirya, ba zanen gado a kumatu.

Ranar da aka gayyace ta waƙar biki a Zariya, allon tantance fuska na ƙofa ya duba fuskarta ya ƙi buɗewa.

"Hajiya, yi haƙuri, ba ki yi kama da Tabawa ba," in ji mai gadi. "Ga fuskar roba ta kamfani, sa kawai."

Ta kalli abin, shi kaɗai yana murmushi.

"Malam, mayar musu. Ita ta shiga ta rera."

Ta ba ƙofar baya, ta ɗaga murya a titi. Kafin amshi, 'yan biki sun fara fitowa, an bar allo yana jiran Tabawarsa.